Wasan da Ƙanen Mijina Ya Yi a Hanyar Jiratawa

Kafin hatsarin, sana'ata dafa abincin taro ce. Biki, suna, walimar saukar karatu, duk inda za a ɗora manyan tukwane a unguwar Zariya ta Maraɗi da kewayenta, da wuya a gama ba a aiko mini ba. Ba na auna komai. Daga bakin ƙofar madafi nakan ce a janye itace, shinkafa ta kusa kamawa, ko in ce daddawar nan ba ta yi ba, a nemo wata. Hancina ke yi mini rabin aikin.

Sauran rabin wata dattijuwa ce ƴar Tsibiri ke yi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ba mu haɗa jini ba, amma Gwaggo nake ce mata. Ita ke tuƙa tuwo, ita ke sauke tukunyar da mata biyu ke shakkar taɓawa. Duk ranar da ke da aiki, motar farko take shigowa daga Tsibiri.

Maigidana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mutum mai sanyin hali. Yana da ƙane, ɗan ƙarshe a ɗakinsu, kowa Auta yake ce masa. Tsakanina da shi wasan nan ne na ƙanen miji da matar wa. Ya shigo ya buɗe mini tukunya ya ɗauke tsoka, in bi shi da muciya har zaure. Yakan ce mini “matata”, in ce ya je ya tara gemu tukuna. Ban taɓa jin haushinsa ba. Ranar da ya samu permi, takardar izinin tuƙi, wani ɗan kasuwa ya ba shi tuƙin ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, ni na yanka masa kaza don murna.

Da rani ne aka ba ni aikin wani babban biki. Muka yi shawara da Gwaggo mu je Jiratawa mu sayo kayan miya daga hannun masu lambu, Auta ya ce shi zai kai mu. Mun sayi tumatir kwando-kwando, da tattasai, da albasa, da ɗanyen zogale. Na tuna Gwaggo ta ce ita a baya za ta zauna bisa buhun albasa ta riƙe kwanduna, ni in shiga gaba. Na tuna na ja ƙofa na rufe. Daga nan babu komai. Abu na gaba da na sani shi ne rufin ɗakin asibiti, da kaina an aske gefe guda an ɗinke, da babbar ƴata tana kora mini ƙuda. An ce kwana huɗu na yi ban san inda nake ba.

Labarin da aka ba ni shi ne, amalanken jaki ya fito daga cikin lambu ya faɗo hanya, Auta ya kauce masa, mota ta ƙwace ta juya. Gwaggo ta faɗi can gefe, ƙashin bayanta ya taɓu. Shi Auta ko ƙwarzane bai yi ba. Haka aka gaya wa jandarmomi, haka aka gaya mini. Kullum sai ya zo asibiti da kunu a fulas, ya zauna ƙasa kansa a sunkuye. Ni ce ma mai ba shi haƙuri.

“Auta, ka bar wannan zaman makokin,” na ce masa. “Ƙaddara ce. Da ba ka kauce ba, ai da ka kashe mai jakin.”

Ya zuba mini kunu a kofi ya miƙo.

Ciwon da ido ke gani ya warke cikin wata biyu. Gashi ya fito ya rufe tabo, masu dubiya suka daina zuwa, kowa na cewa Allah ya kiyaye, na tashi garau. Tun a asibiti na lura abinci ba ya yi mini daɗi, na ɗauka magunguna ne. Ranar da na fara shiga madafi a gida, na zuba albasa cikin mai, na tsaya ina kallonta tana yin ja, ban ji komai ba. Na kai daddawa hanci. Na kai tafarnuwa, na kai kananzir. Daga ƙarshe na je na tsaya a bayan gida na ja numfashi. Iska ce kawai ke shiga tana fita.

Likita ya ce akwai wasu jijiyoyi sirara tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa, bugun da kaina ya yi ne ya tsinka su. Ya ce wasu mutane abin kan dawo musu cikin shekara, in ya wuce haka sai haƙuri. Ya rubuta mini odonans, takardar sayen maganin ciwon kai. Shekarar ta zo ta wuce.

Ban san abubuwa da yawa haka ke rataye da hanci ba sai da nawa ya tafi. Harshena ya rage da gishiri, da zaƙi, da tsami, da ɗaci, sai zafin barkono. Naman kaza da na rago duk ɗaya suka zame mini, abin taunawa kawai. Na rame. Na koma wanka sau uku, sau huɗu a yini, ina jan ƴata gefe ina cewa ta sansana ni ta gaya mini gaskiya. Sau biyu gaz na zuba a madafi ina ciki ina yanka kuɓewa, maƙwabciya ce ta jiwo ta kan katanga ta shigo da gudu. Da aka miƙo mini jikata ta farko, mata na ta zancen ƙamshin jariri, na kai fuskata kanta na yi murmushi don kada a gane.

Ga ciwon kai, mai tasowa daga tabon ya sauko wuya duk lokacin da rana ta take. In ya zo, sai ɗaki mai duhu da jiƙaƙƙen tsumma. Ga mantuwa, in sa gishiri in sake sawa. Ga saurin fushin da ban san kaina da shi ba, har yarana suka koyi wucewa ta ƙofata da sanɗa.

Na ɓoye wa masu ba ni aiki, na ci gaba da dafawa da ido da sabo. Asirina ya tonu a wani suna cikin watan zafi. Naman da aka kawo ya soma juyawa. Matan da ke taya ni sun ji, amma kowacce ta ɗauka tunda ban yi magana ba, lafiya ke nan, don an san ni da hanci. Baƙi da yawa suka kwana biyu da ciwon ciki. Ba wanda ya mutu, sai dai a Maraɗi irin wannan labari ba ya buƙatar mota. Ba a ƙara aiko mini ba. Na sayar da manyan tukwanen, na koma auna gero da wake da tiya a ƙofar gida.

Duk wannan lokaci sau biyu kawai na ga Gwaggo. Ina tsoron shiga mota, ita kuma an ce ba ta son baƙi. A shekara ta uku na daure na hau adaidaita zuwa Tsibiri. Na same ta kwance a ɗan ɗaki a ƙarshen gida, ƴarta ke jinyarta. Da sanda biyu takan kai bakin ƙofa, iyakarta ke nan. Abin da ya fi damunta shi ne fitsari ba ya riƙuwa tun daga ranar, shi ya sa take korar mutane. Matar da ke sauke tukunyar biki ita kaɗai ta koma kamar a ɗauke ta da hannu ɗaya.

“Ki yi haƙuri da warin ɗakin,” ta ce da na zauna.

“Gwaggo, kin manta ne? Ko mushe kika ajiye ƙarƙashin gadon nan ba zan sani ba.”

Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, “To ke kaɗai ce baƙuwar da ta dace da ni.”

Daga nan duk Alhamis nake zuwa, in kai mata ɗan wake, mu yi hirar bukukuwan da muka dafa. Wata Alhamis ina matsa mata ƙafa na ce, “Wani lokaci nakan tuna mai jakin nan. Ko ya san abin da ya jawo mana?”

Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta ce, “Babu wani jaki.”

Na bar matsar.

“Ta gilashin baya ina ganinku,” ta ce. “Hanya fes take, ko akuya babu. Ya soma karkata motar, dama, hagu, don ki tsorata. Kina dukan kafaɗarsa kina cewa ya bari, yana dariya. Na bubbuga rufin motar da hannu, bai kula ba. Sai ya saki sitiyari, ya ɗaga hannu biyu yana tafa miki a fuska. Taya ta sauka gefen hanya, yashi ya ja ta. Abin da ya faru ke nan.”

“Me ya sa ba ki faɗa ba?”

“Surukarki ta zo asibiti ta riƙe ƙafata tana kuka. Ta ce in na faɗa za a ɗaure mata ɗa. Maigidanki yana tsaye a bakin ƙofa. A lokacin na ɗauka wata ɗaya zan yi in tashi.”

Ban san yadda na iso Maraɗi ba. Na tarar da maigidana a inuwar dogon yaro yana duba littattafan ƴan lakwal. Na tsaya a gabansa ko gyale ban cire ba.

“Malam, jakin nan fari ne ko baƙi?”

Ya ajiye alƙalami. Bai tambaye ni wane jaki ba. Cewa ya yi, “Wa ya gaya miki?”

“Shekara uku ina yi wa ƙanenka addu'a a gabanka, kana cewa amin.”

“Ƙanena ne. Me kike so in yi, in kai shi kaso da hannuna? Inna ba za ta rayu ba.”

“Ni kuma mece ce taka?”

Ya sunkuyar da kai, irin sunkuyarwar da Auta ke yi a asibiti. Sai a ranar na gane ta.

Auta a lokacin ya yi aure har da yara, amma bai bar cin abincin Juma'a a gidanmu ba. Akwai maganin ɓera a saman katangar madafi. Ranar Juma'ar da ta biyo, na sauko da shi na riƙe a hannu, miya tana tafasa a gabana. Na daɗe a haka. Zan so in ce tsoron Allah kaɗai ne ya hana ni, amma gara in faɗi gaskiya. Ɗana kwano ɗaya suke ci da shi. Kuma na ga mutuwa abu ne na yini guda, mu kuwa abin da ya ɗora mana kullum sai mun tashi da shi. Irin wannan nake so masa. Na mayar da maganin inda yake.

Auta ya shigo bayan masallaci yana fara'a. “Matata, me aka dafa mana?”

“Kada ka ƙara kirana haka,” na ce. “Kuma hannuwan nan biyu da ka tafa mini a hanyar Jiratawa, ba za su sake shiga kwanona ba.”

Ya dubi yayansa. Yayansa ya dubi ƙasa. Auta ya juya ya fita, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

A wannan lokacin yana tuƙi ne a gidan wani Alhaji, yana kai yara lakwal, yana kai Hajiya unguwa. Hajiyar na san ta, ni na dafa bikin ƴaƴanta biyu. Na yi wanka na je. Bayan gaisuwa na kwance ɗankwali, na buɗe gashi na nuna mata tabon, na ba ta labari kamar yadda Gwaggo ta ba ni. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, ba ya buƙatar ƙari. Na ce in tana shakka, Tsibiri ba nisa. Kafin mako ya zagayo an karɓe makullin.

Bayan wata biyu na ji a bakin wata maƙwabciya cewa wani poroje, irin ƙungiyoyin agajin nan, ya ɗauke shi gwaji, zai riƙa kai ma'aikatan jinya ƙauyuka. Na nemi Gwaggo ta bari a ɗauke ta mu je tare su ga bayanta da idonsu, ta ƙi. Na tafi ni kaɗai. Na zauna bisa benci a ƙofar biro, wato ofishinsu, tun safe, kaina na sara, mai gadi na cewa shugaban ba ya ganin kowa sai da alkawari. Sai bayan azahar ya gaji da ganina ya ce in shigo. Gwajin Auta bai kai ƙarshe ba.

Daga nan ya samu motar haya mai zuwa Tsibiri, hanyar da nake bi duk Alhamis. Wannan karon babu wani babba da zan je wurinsa, sai na je tasha. In mata suka zo shiga, in matsa in yi sallama, in ce musu direban nan ƙanen mijina ne, ga abin da ya yi mana. Wasu su sauka, wasu su yi tsaki su zauna. Direbobi suka ce bugun kan ne ya taɓa ni, aka sa mini suna mahaukaciyar tasha. Shi kuwa yana zaune a gaban mota, bai taɓa fitowa ya ƙaryata ni ba. Kwana tara na yi ina zuwa. A na goma mai motar ya karɓe makullin ya ba wani.

Wasu da suka ji labarin sun yaba mini, wai ina kare rayukan bayin Allah. Ba don haka nake yi ba. Don ya ji nake yi. Duk lokacin da aka karɓe masa makulli, ranar nakan ci abinci har in ƙara, ko da ba na jin ɗanɗanonsa.

Aka kira taron dangi a gidan surukata bayan la'asar. Ga Inna, ga Baffa ƙanen mahaifinsu, ga maigidana, ga Auta da matarsa a gefe. Inna ce ta fara.

“Ƴata, ya isa haka. Yaron nan yana da mata da yara uku. Kin hana shi cin abinci a garin ubansa.”

“Inna, Gwaggo ma tana da yara. Su kika tuna da kika riƙe ƙafarta?”

Baffa ya yi gyaran murya. “Ki iya bakinki, uwa ce. Faɗi abin da kike so a yi, a wuce wurin.”

“Ya faɗa da bakinsa abin da ya yi. A nan, kowa na ji.”

Auta ya daɗe yana zanen ƙasa da tsinke. Sannan ya ce, “Wasa nake yi.”

“Na sani. Faɗi sauran.”

Ya faɗa. Karkata motar, da dukan da na yi wa kafaɗarsa, da bugun rufin da Gwaggo ta yi, wanda ya ce ya ji sarai, da sakin sitiyari. Ya ce jakin shi ya ƙirƙire shi tun kafin jandarmomi su iso, muna kwance cikin tumatir yana tsara abin da zai ce. Matarsa ta rufe fuska da gyale, ashe ita ma labarin jaki aka ba ta. Yana gamawa ya fashe da kuka ya ce in yafe masa don Allah. Kowa ya juyo yana jirana.

“Na ji,” na ce.

“Sai me?” in ji Baffa.

“Sai ya je Tsibiri.”

Ya je washegari, shi da yayansa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin, don ba ta bari ya shiga ba. Kafin ya kai ƙarshen maganarsa ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Da labarin ya iso ni, na ji kamar ta haɗa baki da su. Alhamis biyu ban je ba. A ta uku na je ina cika ina batsewa.

“Kin yi fushi,” ta ce.

“Kin sayar da mu da arha, Gwaggo.”

“Nawa na yafe, ban taɓa naki ba. Ni a kwance nake, na gaji. Ke da ke da ƙafa, ki yi yadda kika ga dama.”

Da daminar da ta biyo ta rasu. Ciwon fitsarin ya hau ƙoda, ga gyambon kwanciya da ya ƙi warkewa. Ni da ƴarta muka yi mata wanka. Masu gaisuwa na cewa ta yi doguwar jinya, kamar ciwon daga sama ya faɗo mata. Duk wanda ya faɗi haka kusa da ni, sai na gaya masa inda jinyar ta soma da wanda ya soma ta.

Bayan sadakar arba'in matar Auta ta zo gidana, goye da ƙaraminsu. Ta zauna a bakin tabarma ta ce za su koma Damagaram, wani abokinsa ya samo masa aiki.

“Yaya, ni ban yi miki komai ba,” ta ce. “Yaran nan ma haka. Wata huɗu muna cin abin da gidanmu suka aiko. Don Allah kada ki bi mu can.”

Gaskiya ta faɗa, ba ta yi mini komai ba, kuma na ga yadda wuyan yaron ya yi siriri. Na auna mata wake da gero na ɗaura mata a buhu. Ta jira in ƙara da wata magana, ban ƙara ba.

Yau shekara takwas da hatsarin. Ciwon kan yana nan, ya ma ƙaro da jiri in na sunkuya. Inna ba ta amsa gaisuwata sai ranar salla, ita ma a taƙaice. Ni da maigidana muna gida ɗaya, muna gaisawa, muna shawarar yara. Shi ke ɗanɗana mini miya yanzu, in ya ce ta yi, in sauke. Sau da yawa ya ce mini riƙon nan ni yake ci, kuma Allah na son mai yafiya. Na san haka. Na sha ɗaga hannu bayan salla da niyyar in ce na yafe, bakina ya ƙi, kuma ba na son in yi wa Allah ƙarya.

An ce a Damagaram babbar mota Auta ke tuƙawa, yana ɗaukar siminti da buhunan masara. Na bincika ta wajen ƴar ƙanwar mahaifiyata da ke aure can, ta tabbatar mini kaya ne kawai, ba ya ɗaukar mutane. Na ce to, wannan na bar masa. Amma ranar da na ji ya sa mutum a bayansa, ko na biki ne ko na haya, zan daure wa tsoron mota in je har can, in nemo mai motar in zauna a ƙofarsa. Na gaya wa maigidana haka, na ce ya isar da saƙon. Ya kira shi a gabana ya gaya masa.